Wai Malam Aminu Kano wane muƙami ya riƙe ne?

Jikan Manomi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyara wa kakana ɗaki a ƙauyenmu can wajen Ringim sai na ciro wani tsohon hoto a ƙasan adaka, duk gara ta ci gefensa, tsoho yana gani ya ce kai a hankali, Malam ne, har da ƙwalla fa. Na ce masa Kaka shi ɗin gwamna ya yi ko shugaban ƙasa, ya ce ko ɗaya. To ni abin ya ɗaure min kai, me ya yi muku haka?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Ya riƙe muƙami mana. Malamin makaranta ne tun farko, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya je karatu Landan, ya dawo ya ajiye aikin ya rungumi jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, su suna neman a kori Turawa amma kuma kar a bar talaka a hannun 'yan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna. 1959 ya ci kujerar majalisar wakilai ta Kano ta Gabas ya tafi Legas, zamanin Gowon ya yi kwamishinan sadarwa sannan na lafiya, 1979 ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP bai samu ba, amma jam'iyyarsa ta kawo gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna.

Baba Tsoho: Ɗana ba kujera ba ce ta sa kakanka kuka. Mu da muka tashi a ƙauye mun san abin. Damina ta faɗi za a zo a kwashe magidanta a kai su noman gandun hakimi, taka gonar ciyawa na cinye ta, ga haraji ga jangali, in ka gaza a shanya ka a rana. Mahaifina da katin NEPU kawai aka kama shi, wata uku ya yi a gidan yari, ya fito ya sake yankar wani katin. Malam ne ya cire mana tsoro, ya ce kai ma mutum ne, shi kenan. Ranar da Rimi ya soke haraji a garinmu har guɗa mata suka yi.

Ɗan Santsi: Baba Allah ya ƙara girma, gaskiya ne duk, amma a faɗi ɗaya ɓangaren ma, PRP ai a gabansa ta dare biyu, 'yan taɓo suna tare da shi 'yan santsi suka bi su Rimi, har ya rasu a Afrilun 1983 ba a ɗinke ba. A gidanmu yayyen babana biyu shekara guda ba sa cin tuwo kwano ɗaya saboda wannan.

Jikan Manomi: Ikon Allah, na gode. Ashe shi ya sa tsoho yake ta ce min in kai shi gidan Mambayya, wato gidan Malam, a Gwammaja. Bari a gama girbi in samu kuɗin mota.