Neman kalma: me za mu kira "wotamak" da "gilosh" da Hausa?

Mai Fassara, Gusau:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirya ɗan littafin jagora da Hausa domin ma'aikatan da ke karɓar takardu, irin su shaidar asali ta ƙaramar hukuma, takardar mallakar fili da rasit na haraji, don su iya bambance ta gaske da ta jabu. Kalmomin Turanci biyu sun gagara: wotamak (siffar da ke bayyana idan aka ɗaga takarda a haske) da gilosh (siraran layuka masu ratsa juna da ake bugawa domin hana jabu). An rubuta "tambarin ruwa" a ta farko, ta biyu kuma aka ce "ado" kawai. Duka ba su kwanta mini ba.

Mai Ɗab'i, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Malam, a goge "tambarin ruwa" tun da wuri. Ruwan nan a masana'anta ya tsaya, mai duba takarda ba zai taɓa ganinsa ba, kuma wani zai ɗauka sai an jiƙa takardar tambarin ke fitowa. Yadda ake yi shi ne, lokacin da markaɗaɗɗen haɗin takarda yake jiƙe kamar kunu, ana bi ta kansa da wani gangan waya mai ɗauke da siffar. Inda ya danna zaren takardar ya yi ƙaranci, inda ya lotsa zaren ya taru. Idan ta bushe aka ɗaga ta a rana, wurin da ba kauri ya yi fari, mai kauri ya yi duhu. Ko ɗigon tawada babu a ciki. Ɗan jabu kuwa dole ya nemi dabara daga waje: ko ya buga siffar da tawada ruwan toka mai rauni, ko ya shafa maiƙo. Gwajinsa ba wuya. A shimfiɗa takardar a kan baƙin abu: na gaske juyewa yake yi, wurin da ya yi fari a rana ya koma duhu. Na tawada yana nan yadda yake ko ta ina aka duba.

Malamin Tarihi, Gwandu:
Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Fabriyano ta Italiya aka fara shi a ƙarni na 13, kuma takardun Italiya sun riƙa shigowa nan ta Tarabulus, a kan raƙuma. Duk wanda ya ɗaga tsofaffin littattafan hannu na malaman Gwandu da Sakkwato a haske, sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a jere. Da irin wannan alama masu bincike ke kimanta shekarun littafi. Ni ina ganin "hatimin takarda".

Mai Ɗab'i, Birnin Kebbi:
Allah ya gafarta Malam, hatimi a ofis yana nufin abin da aka buga a sama. Magatakarda zai ga sitamp na roba ya ce an cika sharaɗi, alhali shi ne mafi sauƙin sassaƙawa.

Mai Zane, Talata Mafara:
Akwai wani ruɗani kuma. Tambarin nan mai dishi-dishi da ake sakawa a bayan rubutu da kwamfuta, shi ma wotamak suke ce masa, amma ba ya kare komai, kowace firinta za ta fitar da shi. Tunda Turanci ya haɗe su, mu sai mu raba. Na gaske: "tambarin cikin takarda". Na kwamfuta: "dusasshen tambari". A gwada da kuɗin leda: naira 20 ta koma leda a 2007, naira 5, 10 da 50 a 2009. Ba su da zare balle kauri ya bambanta, shi ya sa aka yi musu taga mai gani har baya. Kalmar "cikin takarda" da kanta ta fitar da su.

Mai Fassara, Gusau:
Na karɓa, Hajiya. Saura gilosh. Wani ya ce "saƙar gizo".

Mai Zane, Talata Mafara:
A'a, yanar gizo ta riga ta tafi da gizo, za a zaci intanet ake nufi. Bari in faɗi abin da yake, sai a ba shi suna. Ɗauki naira 1000 mai hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ka duba siraran layukan da ke lanƙwasa suna ratsa juna. A da, wani injin juyi ne ke yankan su a kan ƙarfe, yanzu manhaja ce ke zana su da lissafi. Kowane layi ba ya yankewa, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kowane launi da farantinsa da tawadarsa da aka riga aka haɗa, wani lokaci ma launin yana sauyawa a hankali a kan layi guda ba tare da ya tsinke ba. Injin fotokwafi ko firinta ba su da wannan: launi huɗu gare su, shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi, kuma da ɗige-ɗige suke haɗa sauran. Ka ɗora tabarau mai girmama abu sau goma, za ka ga layin gaske sumul, na jabu kamar an watsa gero.

Inda masu zane ke ɓata aiki: su gama saƙar, sai su adana ta a matsayin hoto, su tura ta WhatsApp ga mai bugawa. Shi ke nan layi ya zama ɗige tun kafin ɗan jabu ya taɓa. Dole fayil ya tafi a matsayin layi. Na biyu, cunkoso. Idan layuka da yawa suka haɗu a wuri guda tawada ta kan cike tsakani ta zama dunƙule, ta gaske ta yi kama da kwafi. Gara a rage yawan su, a saka ƙananan haruffa masu tsayin kamar rubu'in milimita a madadin layi ɗaya, waɗanda ido ke gani kamar zare.

Malamin Tarihi, Gwandu:
To ai wannan dagi ne, 'yata. Zare ɗaya yana bi sama yana bi ƙasa har ya komo inda ya faro. Ko "zayyana", irin ta allon sauka.

Mai Ɗab'i, Birnin Kebbi:
Dagi ya dace da siffar, sai dai da an ambace shi hankali zai tafi ga dagin Arewa, ma'aikaci ya tsaya neman wannan tambarin. Zayyana kuma ta nuna kwalliya ce, wanda shi ne kuskuren "ado". Ni dai "saƙar tsaro". Mai zagaye a tsakiya "furen saƙa", ta gefe "bakin saƙa".

Malamin Tarihi, Gwandu:
Na yarda, amma a bayanin farko a rubuta "saƙa ce mai kama da dagi", mutum zai hango ta nan take.

Mai Fassara, Gusau:
An rubuta haka, ranka ya daɗe. Tambarin cikin takarda, dusasshen tambari, saƙar tsaro. Tawadar nan mai tudu da yatsa ke ji a jikin naira na sa mata "bugu mai tudu" na wucin gadi. Mai Ɗab'i, a duba mana ita kafin Juma'a, ranar za a kai shafin wurin bugawa.