Hirarmu Kan Gigin Tsufa

Jiya bayan la'asar zancen gigin tsufa ya taso a majalisarmu ta Tudun Wada, don kakan wani cikinmu ya fara ajiye carbinsa a firji.

Malamin asibitin da ke zama da mu ya ce hawan jini ne babban abin tsoro, yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali tun mutum yana ɗan shekara 40 ko 50. A riƙa aunawa, kada a bar magani don an ji sauƙi (mun ƙware a wannan kam). Ciwon sukari da sigari ma haka.

Ni kunne ne ya ba ni mamaki. Tsoho in jinsa ya ragu, sai ya janye daga hira, kaɗaici ya kama shi, hakan kuma na iya ƙara haɗarin gigin tsufa. A kai shi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna.

Sauran hanyoyin kariya kuwa, takawa zuwa masallaci, rage gishiri da isasshen barci.