Yadda kamfani zai tallafa wa sojoji da iyalansu

Shawara ta farko ita ce a rubuta ƙa'idar hutun sojojin ko-ta-kwana (ma'aikatan da ake kira aikin soja lokaci-lokaci) tun kafin a kira kowa: kwana nawa na atisaye a shekara, ko kamfani zai cike giɓin albashi, da wanda zai riƙe aikin. In ba a rubuce take ba, kowane manaja sai ya yanke nasa hukuncin, daga nan rigima ke tashi. A Amurka, dokar USERRA ta 1994 ta ba soja damar komawa aikinsa na farar hula matuƙar jimillar hidimarsa ba ta wuce shekara 5 ba, kuma wanda ya yi fiye da kwana 180 yana da kwana 90 bayan kammala hidimar ya nemi komawa.

Wajen ɗaukar tsofaffin sojoji, matsalar tana takardar neman aiki. Saje da ya kula da mutane da motoci da kayan aiki ya iya shugabanci, amma muƙaminsa kawai zai rubuta, mai tantancewa ya wuce shi. A tambaye shi mutum nawa ya jagoranta, me aka damƙa masa. Kada a tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum, kada kuma a ɗauka kowane tsohon soja na da taɓuwar hankali.

Matar soja ko mijin soja kuwa sauyin wurin aikin sojan ne ke katse musu sana'a. Aiki daga gida ko komawa wani reshe yakan magance wannan.