Makarantar ɗana za ta kawo 'yan barkwanci a kan shan giya, in bar shi ya je?

Maman Khalifa, Manchesta: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ɗana shekararsa 14, yana sakandare a nan Ingila. Makaranta ta aiko da takarda cewa mako mai zuwa 'yan wasan barkwanci za su zo su yi musu wasa a kan giya, wai don yara su san illarta, su kuma iya kama kansu idan sun girma sun fara sha. Mu kuwa a gidanmu ba a sha kwata-kwata. Tsorona kada a mayar masa da abin wasa har ya daina ganin muninsa. Babansa ya ce a ajiye shi a gida ranar. Yaron kuma ya ce idan shi kaɗai aka ware, abokansa ba za su bar shi ya sha ruwa ba. Me kuke gani?

Baban Ummi, Bradford: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina bayan maigidanki. A Suratul Ma'ida aya ta 90 cewa aka yi a nisance ta, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Duk abin da yaro ya saba yi wa dariya, kwarjininsa raguwa yake yi a zuciyarsa.

Anti Malama, Leeds: 'Yar uwa, ina koyarwa a sakandare, bari in faɗa miki yadda abin yake. Tun Satumbar 2020 darasin lafiya ya zama dole a makarantun gwamnati na Ingila, kuma giya da taba da ƙwayoyi suna ciki. A wannan fannin, damar da iyaye ke da ita ta cire yaro ta shafi darasin jima'i ne kawai. Ko kin hana shi zuwa ranar, zai gamu da batun a aji.

Kuma ba sha ake koya wa ɗan shekara 14 ba. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, shawarar babban likitan gwamnatin Ingila tun 2009 kuma ita ce yaro ya tashi ba giya sam, musamman kafin shekara 15.

Dalilin barkwancin kuwa, ki tara yara masu wannan shekarun a zaure ki fara yi musu barazana da ciwon hanta, wallahi kafin ki gama hankalinsu ya tafi wata duniyar. Amurka ta gwada a shirin yaƙi da shaye-shaye na DARE da ya fara a Los Angeles a 1983, 'yan sanda suna shiga aji suna gargaɗi, daga baya bincike ya nuna bai rage shaye-shaye yadda aka zata ba. Abin da ya fi kama yara shi ne su ga wani kamarsu an miƙo masa kwalba, su ga yadda zai ƙi ba tare da ya muzanta ba. Sai kuma a cire musu tunanin cewa kowa na sha, domin binciken hukumar lafiya ta NHS ya nuna yawancin 'yan shekara 11 zuwa 15 ba su taɓa sha ba. A wasannin da na gani, mai matsa wa abokinsa da mai tangaɗi su ake yi wa dariya, bayan wasan kuma a zauna a tattauna. Amma kada ki ɗora wa wasan rana ɗaya abin da ba zai iya ba. Idan ba a bi shi da magana a aji da gida ba, dariyar ce kawai za ta rage.

Baban Ummi, Bradford: Malama na ji bayaninki, kuma na ƙaru. Amma "jira sai ka girma" daban, "kada ka sha har abada" daban. Na biyun ba makaranta ce za ta faɗa masa ba.

Ummu Aisha, Landan: Gaskiya ne Baban Ummi, wannan aikinmu ne iyaye. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma ina roƙon ki bar shi ya je. Nan da shekara huɗu zai iya kasancewa a ɗakin kwanan jami'a tare da masu sha. Ranar da abokinsa ya faɗi ba ya motsi, ina so ya san a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai, kada a ɗura masa kofi ko a watsa masa ruwan sanyi, a kira lambar gaggawa ta 999. Yaranmu sukan ji tsoron kiran, kada a gida a ce da su aka sha. Ki gaya masa tun yanzu ba za ki tuhume shi ba idan ya ceci rai.

Kawu Na-Birmingham: Ki tambayi makarantar wa ke biyan kuɗin wasan. Akwai shiri mai suna Smashed da ke zagaya makarantu, kamfanin giya na Diageo mai Guinness ne ke ɗaukar nauyinsa. Ban ce don haka saƙon ba shi da amfani ba, amma uwa ta cancanci ta sani. Ki kuma nemi su nuna miki abin da za a tattauna bayan wasan.

Maman Khalifa, Manchesta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa babansa amsoshinku. Ya yarda yaron ya je, da sharaɗin shi da kansa zai zauna da shi daren kafin ranar a kan hukuncin addini, idan ya dawo kuma ya ba mu labarin abin da ya gani. Gobe zan kira malamar ajinsu kan maganar Kawu. Ummu Aisha, don Allah ki turo min yadda ake kwantar da mutum a gefen nan dalla-dalla, ni ma ina so in koya.