Wa ya taɓa shiga dajin da aka gina a cikin ɗaki?

Malamin firamare, Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibaina sun ga bidiyo a waya, daji guda da tsuntsaye amma a cikin gini, tun shekaranjiya sun hana ni sakat da tambaya. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wurin ya ba mu labari.

Ɗan kasuwa, Gwarzo: Wa alaikumus salam Malam. Na shiga na Dubai da muka je saro kaya, Green Planet sunansa, a 2016 aka buɗe shi. Daga sama ake farawa kana saukowa kana zagaye wata ƙatuwar bishiya da mutane suka ƙera, an dasa tsirrai na gaske a jikinta, ga danshi da gumi kamar Agusta bayan an ɗauke ruwa, aku na wucewa ta kanka ba keji ba komai. Abin da ya fi tsaya min a rai wata dabba ce sulos, tana rataye a reshe, na daɗe a gabanta hannu ɗaya kawai ta ɗaga. Wallahi sai da na yi tasbihi.

Hajiya, Bichi: Ni na kifaye na gani a Jidda bayan umara, Fakieh Aquarium a bakin teku. Ruwa ta sama da gefe, gilashi ne kawai tsakaninku, na riƙe hannun ɗana gam don ƙirjina bugawa yake. Amma da na ga kifin shak sai na manta da tsoron.

Manomi, Kirikasamma: Malam kar ka yi nisa. Ka kawo su dausayin Baturiya da ke nan yankinmu kusa da Haɗeja da hunturu, tsuntsaye na zuwa tun daga Turai, ga dinya ga kirinjijiya, kuma babu gilashi. Abin da ke damuna sare itatuwa da ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa, yadda na san wurin ina yaro ba haka yake yanzu ba.

Malamin firamare, Ringim: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Da gidan zu na Audu Bako a Kano na yi niyya, amma yanzu Baturiya ta shiga raina. Baba, daga Haɗeja mota nawa za mu hau, kuma wane wata tsuntsayen suka fi yawa?

Manomi, Kirikasamma: Ku zo Disamba ko Janairu, ku yi sammako. In kun iso Haɗeja ka yi min magana, ni zan raka ku.