Muhawara: Rashin takardar gini ne ke sa ake rushe gidajen Falasɗinawa?

Baban Sadik: Jama'a, mu cire son rai. Yawancin gidajen nan da ake rushewa a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan ba da izini aka gina su ba. Ko a Abuja ka yi gini babu takarda, katafila za ta same ka. Rusau ai rusau ne a ko'ina.

Lauya: Yaya, izinin ai shi ne tarkon. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ta raba Gaɓar Yamma gida uku, A da B da C. Yankin C, kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, yana hannun Isra'ila kacokan, kuma hukumar da ke ƙarƙashin soja ce ke ba da takardar gini. Bafalasɗine ya nema, da ƙyar a amince. To mutum ya yi wa ɗansa aure, ina zai ajiye amarya? Ya ƙara ɗaki, takardar rusau ta biyo baya. A Abuja kuwa gwamnatinka ce ta turo katafilar, kana iya rama wa kura aniyarta ranar zaɓe. Makiyayin Masafer Yatta, yankin ƙauyukan Falasɗinawa a kudancin Gaɓar Yamma, ba ya zaɓen masu yanke masa hukunci.

Baban Sadik: Masafer Yatta filin atisayen soja ne. Kotun ƙolin Isra'ila ta zauna a kan maganar.

Malama: Ta zauna, a watan Mayun 2022 ta ce soja na iya tayar da mutum sama da 1,000 daga ƙauyuka takwas. Amma ka tambaya yaya aka yi wurin ya zama filin atisaye mai lamba 918? An tono bayanan wani zama na 1981 a ma'ajiyar gwamnatin Isra'ila, inda Ariel Sharon, yana ministan noma, ya ba da shawarar a ba soja filin atisaye a yankin domin a hana ƙauyawan Larabawa yaɗuwa. A 1999 aka loda kusan mutum 700 a motoci aka fitar da su, kotu ta bari suka koma na wucin gadi, shari'a ta ja fiye da shekara 20. Mutanen da tun kakanni suke zaune cikin kogunan dutse da tumakinsu, su aka ce wai ba mazauna dindindin ba ne.

Auta: Ni dai Yaya na da gaskiya ta wani gefe. Isra'ila tana rushe na Yahudawa ma. Ba a tashi matsuguninsu na Amona a 2017 ba?

Malama: An tashe ta, don a kan gonakin Falasɗinawa aka kafa ta. Sai kuma me? Gwamnati ta gina musu sabon matsuguni, Amichai, duk dai a Gaɓar Yamma. Kai Auta, ka taɓa jin an rushe wa Bafalasɗine gida aka gina masa sabuwar unguwa da titi da ruwan famfo? A Gabashin Birnin Ƙudus ma mutum da hannunsa yake rushe gidansa, don in katafilar hukuma ta zo shi zai biya kuɗin aikin, ga tara.

Baban Sadik: To unguwar Sheikh Jarrah ta Gabashin Ƙudus fa, inda ake shari'ar fitar da Falasɗinawa daga gidaje? Yahudawa sun sayi filin tun kafin 1948, takardu na nan. Mai kaya ya zo, ɗan haya ya ƙi biya.

Lauya: Mu ɗauka takardun na da kyau. Iyalai 28 da Jordan da UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, suka zaunar a wurin a 1956 'yan gudun hijira ne, sun baro gidajensu a Yafa da Haifa da Yammacin Ƙudus a yaƙin 1948. Dokar Isra'ila ta 1970 ta ba Bayahude damar karɓo kadarar da ya rasa a Gabashin Ƙudus a 1948. Dokar 1950 ta kadarorin waɗanda ba sa nan ta rufe wa Bafalasɗine wannan ƙofar. Gari ɗaya, yaƙi ɗaya, takardar wani tana aiki ta wani ba ta aiki. Kuma masu shigar da ƙarar ƙungiyoyin 'yan kama-wuri-zauna ne da suka sayi haƙƙin, ba jikokin masu filin ba.

Baban Sadik: Wannan kam na karɓa, ma'aunin ya karkata. Amma Isra'ila na cewa ƙasar ana jayayya ne a kanta, ba mamaya ba ce.

Malama: Tana faɗa. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce matsugunan Yahudawan haramtattu ne a ƙuduri na 2334 a Disamban 2016, Amurka ma ba ta hau kujerar-na-ƙi ba. Kotun Duniya ta ICJ ta ce zaman Isra'ila a yankin ya saɓa doka ran 19 ga Yulin 2024.

Baban Sadik: Shawara ce kotun ta bayar, ba hukunci mai tilastawa ba.

Lauya: Haka ne, shi ya sa babu abin da ya tsaya. A Agustan 2025 aka amince da gidaje kusan 3,400 a yankin E1, tsakanin Ƙudus da matsugunin Yahudawa na Ma'ale Adumim, ministan kuɗin Isra'ila Bezalel Smotrich ya ce da bakinsa aikin zai binne maganar ƙasar Falasɗinu. A gefen wurin ne ƙauyen Khan al-Ahmar yake, mai makarantar da aka gina da tayoyi da laka, wanda kotu ta amince a rushe tun 2018 saboda rashin izini.

Auta: Yaya, su mutanen Khan al-Ahmar in suna son izinin, wane ofishi za su je?

Baban Sadik: Bari in yi la'asar, zan dawo kanka.