Baba ya ce mai noma ba ya ciwon daji, gaskiya ne?

Ɗan Taura: Salamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya haura sittin, amma har yau shi yake huɗar gonarsa, kuma ranar kasuwar Gujungu a keke yake zuwa ya dawo. Wata biyu ke nan wani gyambo ya fito masa a cikin leɓen ƙasa, daidai inda yake cusa taba gari. Gefensa ya yi tauri, tsakiyar fari-fari, in ya ci tuwo mai yaji sai ya runtse ido. Mun sayo magani a kemis, ya kurkure da ruwan gishiri, shiru. Da na ce mu je asibiti sai ya yi dariya, wai ya ji a rediyo motsa jiki yana kare mutum daga ciwon daji, shi kuwa tun yana yaro bai zauna ba. Wai ciwon masu zaman ofis ne. Don Allah masu sani, ya abin yake?

Ma'aikaciyar jinya, Dutse: Wa alaikumus salam. Abin da Baba ya ji yana da tushe, sai dai ya ɗauke shi ya kai inda bai kai ba. Inda aka fi tabbatar da amfanin motsa jiki shi ne a kansar hanji da ta mama da ta mahaifa. Ta baki kuwa, manyan masu jawo ta taba ce, ta sha ko ta cusawa, sai giya, leɓe kuma har zafin rana yana taɓa shi. Noma ba ya wanke abin da taba take yi wa wurin da ta shekara talatin tana kwanciya. Ba na cewa daji ne, haƙori mai kaifi ma yana yin gyambo. Amma duk ciwon bakin da ya wuce sati uku bai warke ba, likitan haƙori ya kamata ya gani. In ya ga da buƙata zai tura ku Asibitin Malam Aminu Kano a yanki ɗan nama a auna. Ka shafa wuyansa ka ji ko akwai kaluluwa.

Bakaniken Ringim: Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki ta ce a yi a sati. Baba kafin azahar ɗin Litinin ya cinye nasa, har da na maƙwabta.

Inna mai ƙosai: Ɗana, kar ka sake ambata masa daji, tsorata zai yi ya ƙara taurin kai. Ce masa haƙori za a duba. Kuma ba kai za ka faɗa ba, ka samu liman ko aminin da suke zama a dakali.

Ɗan Taura: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, na shafa, akwai wani ɗan ƙullutu ƙasan muƙamuƙi, ba ya masa zafi. Kawu ya yi masa magana bayan isha'i, ya yarda, amma wai sai an gama yankan riɗi. Na ce ni da ƙannena za mu yanke. Laraba da asuba za mu shiga mota. Gwangwanin tabar dai har yanzu yana aljihunsa.